Wuƙar da Ta Zo Badun da Ƙafa

A gidanmu labarin kakana kashi biyu ne. Idan ka tambayi mahaifiyata, sai ta ce babanta falke ne, fataucin shanu ya kawo shi Badun, wato Ibadan, ya ga wuri ya zauna. Idan ka tambayi wanta, Kawu, wanda yake da teburin nama a Kasuwar Bodija, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ka, ya ce, "Ɗana, ni ba haye na yi ba. Gado na ci." Uwa ɗaya uba ɗaya suke, a ɗaki ɗaya aka haife su cikin Sabo, amma ita ba ta taɓa furta kalmar fawa a kan mahaifinta ba, shi kuwa ba shi da wata kalma da ta fi ta daɗi a bakinsa.

Shaidar Kawu wata tsohuwar wuƙa ce da yake ajiyewa cikin ƙyalle a ƙasan akwati. An sake mata ƙota ba sau ɗaya ba, wasawa kuma ta cinye ta har ta koma siririya kamar ganyen rake. Ba ya aiki da ita. Ya ce da ita tsohon ya iso garin nan, kuma falke ba ya yawo da wuƙar fiɗa. Daga wannan maganar na fara bin sawu.

Mutanen Arewa sukan haɗa Sabo da Bodija su yi musu kuɗin goro, alhali wurare biyu ne. Sabo unguwa ce a gefen Mokola, inda ake kwana, ake salla, ake aure, ake canjin kuɗi, da yamma kuma hayaƙin tukuba ya rufe titi. Bodija kasuwa ce can gaba, kusa da Jami'ar Ibadan, inda manyan motoci suke sauke wake da gero da masara da barkono daga Arewa. Kawu yana kwana a ta farko, yana neman abinci a ta biyu, kuma tun kafin kiran assalatu yake barin gida.

Wanda bai zauna da mahauci ba yana ɗauka aikin wuƙa ne. Wuƙa ita ce ta ƙarshe. Riba da asara a wurin saye ake yin su, sa yana tsaye da ransa. Na bi Kawu kasuwar shanu ta Akinyele, wadda Yarbawa suke kira Kara, na ga yadda yake zagaya dabba kafin ya ce uffan. Ya matsa tozo, ya shafa haƙarƙari, ya danna gindin wutsiya, ya buɗe baki ya duba haƙora. Ya san cikin da kiwo ya cika da cikin da aka cika da ruwa da dusa daren jiya. Ya san Bunaji fari da Rahaji ja mai dogon ƙaho da Gudali mai guntun ƙaho, ya san wanda ƙashinsa ya fi namansa yawa. Kafin ya taya, ya riga ya feɗe san nan a cikin ransa: cinya nawa za ta ba shi, ƙirji nawa, kayan ciki nawa, kai da ƙafa nawa, fata nawa. Fatar ma a nan abinci ce. Abin da mahaucin Kano zai kai wa majema, na Badun babbaka shi ake yi ya zama ganda, abin da Yarbawa suke kira ponmo, kuma ba a rasa mai saye.

Sa ɗaya yana ciyar da gidaje da yawa kafin ya shiga tukunyar kowa. Akwai mai yanka, wanda yake fuskantar da dabba alƙibla ya ambaci sunan Allah. Akwai masu kayarwa da masu fiɗa, akwai mai sara ƙashi, akwai masu ɗaukar kai da ƙafafu, akwai mata masu wanke tumbi da hanji. Wannan na matan shi ne abin da yake fara ba baƙo daga Arewa mamaki, domin a ƙasar Yarbawa mace tana zama da teburinta da wuƙarta tana sayar da nama, abin da a Katsina ko Gusau ba a saba gani ba. Mafi yawan maƙwabtan Kawu a layin nama Yarbawa ne, alapata kamar yadda suke kiran kansu, kuma da Yarbanci yake ciniki tun safe har la'asar. Sai ya koma Sabo harshensa yake komawa gida.

Na fara da takarda, kamar yadda ɗan boko yake yi. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana cikin harabar Jami'ar Ibadan, ba nisa da teburin Kawu, kuma tun 1954 aka kafa hukumarsa ƙarƙashin masanin tarihi Kenneth Dike. Wuri ne mai albarka ga mai neman labarin sarauta da haraji da shari'a. Sai dai takardar mulki mai mulki take sani. Yaron da ya koro shanun wani da sanda a kafaɗa, ya kwana a zauren wani, bai yi ƙara ba ba a kuma yi ƙararsa ba, ba shi da dalilin shiga fayil. Na fito ban ga sunan kakana ba.

Abin da ya fi takarda amfani shi ne tsofaffin matan Sabo, da yadda suke ƙidayar shekaru. Ba su ce maka shekara kaza. Sai su ce an haifi Kawu shekarar zuwan Sarauniya, ka je ka duba ka tarar 1956 ce Sarauniyar Ingila ta zo Nijeriya har ta biyo ta Badun. Su ce tsohon ya rasu bayan canjin kuɗi da kaɗan, ka san naira ta maye gurbin fam a 1973. Wata gwaggo da ta haura tamanin, wadda ta tashi a gidan da kakana ya fara sauka, ita ta ba ni zaren da na fi buƙata. Ta ce yakan ce ya baro garinsu jirgi bai daɗe da fara zuwa ba, amma shi bai hau ba, da ƙafa ya zo. Na ce, "Gwaggo, wane gari?" Ta ce, "Ƙaura mana. Ba ka ji ana ce masa Na-Ƙaura ba?" Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Ke nan farkon shekarun 1930 ne ya kama hanya.

Hanyar kuwa sananniya ce. Shanun Arewa ba sa rayuwa a kurmi saboda ƙudan tsando da cutar sammore da yake sa musu, garuruwan Yarbawa kuma suna son nama, don haka dole kullum a kawo sabbi. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya isa Kano a 1911, kuma mai hali yakan loda shanunsa a taragu su biyo ta Kaduna da Minna da Zungeru da Jebba. A kan wannan layi, tsakanin Kaduna da Minna, har akwai tasha mai suna Sarkin Pawa, kuma duk sanda na ga sunan a taswira sai raina ya yi fari. Wanda bai da kuɗin tarago sai ya ɗauki masu kora, su bi burtali makonni, su ƙetare Kwara a Jebba, su bi ta Ilori da Ogbomosho da Oyo. Tun daga inda suka shiga ƙasar tsando lokaci yake fara cin mai shanu, domin dabba tana ramewa kullum, kuma ba ta komawa gida. Ko a sayar da ita da wuri, ko a yi asararta.

Sabo ɗin da ya tarar ba ta wuce shekara goma sha biyar da 'yan kai ba. A 1916 aka keɓe wa Hausawa wurin. Kafin nan a cikin gari suke zaune, a gidajen Yarbawa. Abin da ya riƙe unguwar abu biyu ne, shanu da suke gangarowa da goro da yake haurawa.

A nan wani littafi ya shigo cikin binciken, ya kuma warware mini rabin gardamar gidanmu. Abner Cohen, masanin zaman jama'a haifaffen Bagadaza da ya yi aiki a jami'o'in Ingila, ya zauna da mutanen Sabo a 1962 zuwa 1963, ya fitar da littafinsa Custom and Politics in Urban Africa a 1969. Ya ƙirga mutanen unguwar ya sami sama da 4,000. Ya rubuta cewa shanu kusan 75,000 ake sayarwa a kasuwar Badun a shekara, kusan duka bashi, kuma a kowane lokaci akwai kimanin fam 100,000 a hannun mahauta ba a biya ba. Ba a sa hannu a takarda, ba a zuwa kotu. Masu kawo shanun 'yan Arewa ne, masu saye su yanka Yarbawa ne, a tsakaninsu kuma akwai maigida da dillalansa.

Tsarin ya cancanci a tsaya a kansa, domin ni ban san wani abin da Bahaushe ya gina a kurmi da ya fi shi ban sha'awa ba. Falke ya iso da garke, baƙo ne, bai san kowa ba, bai jin Yarbanci, dabbobinsa kuma suna ramewa. Sai ya sauka gidan maigida a Sabo. A ba shi ɗaki, a ba shi abinci, a ajiye masa kuɗinsa. Dillalan maigida su shiga kasuwa su sayar wa mahauta bashi, mahauci ya yanka ya sayar sannan ya biya. Idan ya ƙi biya ko ya karye, maigida ne zai biya falke daga aljihunsa, in ba haka ba labari ya kai Arewa, ba wanda zai sake sauka gidansa. Saboda haka jarin dillali na gaskiya shi ne sanin mutane: wane mahauci ne yake biya a kan lokaci, wane ne ya ci bashi a wurare uku, wane ne ya yi sabon aure ko ya fara gini kuɗinsa suka tafi can, wa za a ba sa biyu, wa ba za a ba ko ɗan maraƙi ba. Mahaucin da ya ci amanar maigida ɗaya, sauran sukan rufe masa ƙofa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a kasuwar nan an san tsawon na kowa.

To, a wannan layin kakana ya tsaya. Ya zo yana mai kora, ya zama yaron gida, ya zama dillali yana cin la'ada. Gwaggo ta ce abin da ya sa maigidansa ya riƙe shi hannu biyu shi ne idonsa: in ya dubi sa ya faɗi abin da zai fitar, mahaucin da ya saya yakan dawo ya ce haka aka samu. Dillalin da ya san mahauci zai ci riba a kan dabba ya san kuɗin maigida za su dawo. Wannan ido ba a zaure ake koyonsa ba. Sai wanda ya tashi yana riƙe wa babansa ƙafar sa ana fiɗa.

Ke nan mahaifiyata ba ƙarya ta yi ba. Mutumin da ta sani yana sa babbar riga ya tafi kasuwar shanu, ya dawo ba jini a jikinsa. Ta san shi a sahun gaba a wazifa, domin yana cikin waɗanda suka karɓi ɗariƙar Tijjaniyya sa'ad da ta mamaye Sabo a farkon shekarun 1950, zamanin da sunan Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ya cika ƙasar, har mutanen unguwar suka tsayar da tasu Juma'ar a 1952. Abin da ba ta so ta ji shi ne abin da ya gabaci rigar.

Ba kuma ita kaɗai ba ce. A ƙasar Hausa an daɗe ana sa mahauta a ƙasan jerin masu sana'a. Ana cin namansu a suna da biki da Salla, ana kallon hawan ƙahonsu, ana cika fili idan 'ya'yansu suna dambe, amma idan ɗansu ya zo neman aure sai a fara tambayar asali. Ni wannan ɗabi'a ba ta da hujja a wurina, ba a addini ba, ba a hankali ba. Mutumin da ka amince wa ya gaya maka abin da za ka ci halal ne, ka sa a bakin 'ya'yanka ba tare da ka gani ba, ka ba shi amanar da ba ka ba alƙali ba. Kurmi ya ba mutane da yawa damar tuɓe wannan tambarin. A Sabo ba a cika tambayar ɗan wane ne kai ba, ana tambayar yaron wane ne kai, kuma kana biya ko ba ka biya. Kakana ya karɓi wannan dama, ya naɗe wuƙarsa cikin ƙyalle.

Kawu ne ya warware ta, ba don ya san tarihi ba, sai don zamani ya juya. Manyan motoci sun karɓe aikin jirgi da na masu kora, tafiyar makonni ta koma ta kwana biyu, falke ya daina buƙatar doguwar sauka, gidajen baƙi suka rage. Ɗan dillali da bai gaji gida ba sai ya nemi abin yi. Ya fara da tukuba a bakin titin Sabo, tsire da balangu, ƙuli-ƙuli da citta da barkono, daga nan ya shiga yanka. Ya ce ranar da ya fara fiɗa a gaban babansa, tsohon bai yi magana ba, sai ya karɓi wuƙar ya gyara masa riƙo, ya nuna masa yadda ake bin fata da dunƙulen hannu don kada a huda ta. A ranar Kawu ya gane babansa ɗan mahauta ne.

Tun daga nan kasuwar take ta ƙaura, yana bin ta. Kasuwar shanu tana unguwar Sango, wadda sunanta zangon Hausa ne harshen gari ya lanƙwasa. A 1987 aka buɗe Bodija don rage cunkoson Orita Merin, aka kwaso masu shanu daga Sango aka kai su can. A 1999 rikici ya tashi a Bodija tsakanin 'yan kasuwa Hausawa da Yarbawa, daga baya cinikin shanu ya koma Akinyele. A 2018 gwamnatin Jihar Oyo, zamanin Gwamna Abiola Ajimobi, ta umurci mahauta su koma babbar mayankar da aka gina a ƙauyen Amosun. A watan Yuni na shekarar aka yi arangama a Bodija, aka rasa rayuka, aka rufe kasuwar na wani lokaci. A Fabrairun 2021 kuma wuta ta ci kasuwar Shasha a wani rikicin, mutane da yawa suka loda kayansu suka yi Arewa. Na tambayi Kawu ko bai yi tunanin tafiya ba. Ya ce, "In tafi ina? Kabarin ubana yana nan. Ni ko Ƙaurar ban taɓa gani ba."

Ni na je masa. Hanyar Zamfara a 'yan shekarun nan ba a shigarta sai da addu'a, amma Allah ya kai ni lafiya. A can ba a cewa fawa sai pawa, mahauta kuma Rundawa ake ce musu. Na yi sallama a unguwarsu, na faɗi sunan kakana da na babansa kamar yadda Gwaggo ta ba ni. Dattawan da na fara samu suka yi ta juya sunan, ba su kama ba. Sai ɗaya ya ce a kira makaɗi.

Wannan ne abin da ban sani ba, kuma da na sani da tun farko can na nufa. Kalangu kiɗan mahauta ne. Da shi ake sanar da gari an yi yanka, da shi ake zuga mai hawan ƙaho, kuma kowane gidan fawa mai suna yana da takensa, wanda makaɗa suke gada daga iyayensu kamar yadda mahauta suke gadon wuƙa. Tsohon da aka kawo ba ya gani sosai. Da aka faɗa masa sunan kakan mahaifiyata, sai ya yi shiru, ya jawo kalangunsa ya matse a hammata, ya kaɗa wani ɗan gajeren take. Wani dattijo da ke jingine da bango ya ɗaga kai ya ce ai gidan su wane ne, na bayan tsohuwar mahauta. Kafin la'asar ina zaune a gaban jikokin ƙanin kakana, suna duban fuskata suna cewa ga goshin gidan nan.

Su suka gaya mini dalilin tafiyar, kuma ba su faɗe shi da sauƙi ba. Saurayi ne, ya fara cin gashin kansa, ya karɓi sa bashi a hannun wani Bafillace. Aka yanka, aka tarar da ciwo a ciki, naman bai sayu ba. Ranar biya ta zo ba shi da ko rabi. Babansa ya ce zai sayar da gona, shi kuwa kunya ta hana shi tsayawa ya ga haka. Da asuba ya bi wani garke da za a kora kudu. Wasu a gidan sun ji cewa bayan shekaru ya aiko da kuɗi ta hannun wani falke. Wasu sun ce ba abin da ya iso. Bafillacen ya yi ƙaura da shanunsa tun kafin a haifi duk wanda ke zaune a wurin, ba wanda ya san inda zuriyarsa take.

Na daɗe ina tunanin mutumin nan da ya bar gida saboda bashin sa ɗaya, ya je ya shekara arba'in yana tsaya wa bashin shanun mutane a garin da ba nasa ba, ba a taɓa jin ya ci na kowa ba.

Da na dawo Badun na fara zuwa wurin mahaifiyata. Ta saurara har na gama, ta share ido da bakin mayafi, ta tambaye ni ko 'yan'uwan suna cikin rufin asiri, ta ce in ba ta lambar wayar babbar macen gidan. Kawu kuwa a kasuwa na same shi, yana kankare tebur. Na ba shi labarin take, ya yi murmushi. Na ba shi labarin san, sai murmushin ya tafi. Ya tambayi limamin masallacinsu a daren, aka ce masa idan an rasa mai bashi da magadansa, sai a yi sadaka da niyyar ladan ya isa gare shi.

Ranar Alhamis ya tashe ni tun duhu muka tafi Akinyele. Ya zagaya wani Bunaji fari sau biyu, ya matsa tozo, ya duba haƙora, bai yi dogon ciniki ba, ya biya lakadan. Da aka kayar, ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da ƙyallen nan. Ya wasa tsohuwar wuƙar a kan dutse, ya tsaga fatar daga wuya zuwa ciki da ita, sannan ya miƙa wa babban ɗansa ya ce ya ƙarasa. Naman aka kasa shi a ƙofar masallaci cikin Sabo bayan Juma'a, kashi ɗaya kuma Kawu ya ware ya ce in kai wa maƙwabciyar teburinsa, Bayarbiyar da ta ɓoye masa kayansa a shagonta lokacin rikicin 1999.